Ina Zan Samu Dutsen Aman Wuta Mai Rahusa Don Murhun Gashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi murhun gashi na hannu mai aiki da gas, wanda nake gasa kaji da balangu a kansa a tsakar gida. Duwatsun da na tarar a cikinsa sun jiƙe da maiƙo har suna farfashewa, kuma kuɗin da aka gaya mini na sababbi ya fi ƙarfina. Ina zan samu masu rahusa, ko kuwa tsakuwar gini za ta wadatar? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bari mu fara da tsakuwar, domin a nan haɗarin yake. Kada ka zuba tsakuwar gini ko duwatsun bakin rafi a murhunka, saboda irin waɗannan duwatsu sukan riƙe danshi a cikinsu, kuma idan wuta ta ratsa su ruwan yakan zama tururin da ba shi da mafita, sai dutsen ya fashe ya watso ɓarɓashi a kan nama, wani lokaci ma a fuskar mai gashi.

Dutsen da kake nema narkakken dutse ne da ƙasa ta amayar ya daskare da kumfar iska a jikinsa, shi ya sa za ka gan shi baƙi ko ja-ja, cike da ƙananan ramuka, kuma ba shi da nauyi a hannu. Aikinsa a murhu shi ne ya baza zafi ko'ina, ya kare bakin wutar daga kitsen da ke ɗiga, sannan kitsen da ya faɗa kansa ya ƙone ya tayar da hayaƙin da ke ba nama ƙamshi. Mai gashi da gawayi ba ya buƙatarsa ko kaɗan.

A game da tsada, cikin abin da kake biya a shagunan kayan girki akwai kuɗin kwali da na dako daga ƙasashen waje. Dutsen iri ɗaya ne da wanda masu sayar da furanni suke zubawa a gindin shuka, da wanda masu kayan kifin ado suke jerawa a akwatin gilashi, kuma a wurinsu yakan fi sauƙi. Ka fara tambaya a can. Sharaɗi guda shi ne ka tabbatar ba a rina shi ko an fesa masa magani ba: ka jiƙa guda ɗaya ka goga shi a farin ƙyalle, idan launi mai kauri irin na fenti ya fito, ka bar musu kayansu. Ka zaɓi masu girman ƙwan kaza, domin ƙanana zurarewa suke yi ta ramukan raga. Idan kana da mai zuwa yankin Biu a Jihar Borno, ko Panyam da Kerang a Jihar Filato, inda akwai tsofaffin duwatsun aman wuta, za a iya samo maka irinsa, amma da izinin masu wurin.

Ba lallai ne ka sayi buhu guda ba, kimanin kilo 3 yakan ishi matsakaicin murhu, tunda shimfiɗa ɗaya ake yi tare da barin 'yar tazara don iska ta wuce. Ka wanke ƙurarsu, ka shanya su a rana su bushe sarai, sannan ka kunna wuta kaɗan-kaɗan a karon farko. Duk lokacin da suka yi maiƙo, ka juya su ka ƙure wuta na minti 15 zuwa 20, maimakon wanke su da sabulu, wanda ramukan za su shanye. Da irin wannan kulawa sukan kai shekara ɗaya ko biyu.

Ka kuma leƙa cikin murhun tukuna. Tun a 1985 kamfanin Weber na Amurka ya fito da murhun da ke amfani da lanƙwasassun fallayen ƙarfe a maimakon dutse, kuma yawancin murhunan yanzu haka ake ƙera su. A ganina wannan ya fi dacewa da mai yawan gasa nama mai kitse, domin maiƙon gangarewa yake yi zuwa tire, ba ya taruwa har wuta ta tashi. Idan naka yana da gurbin ɗora su, mai walda zai lanƙwasa maka su da ƙarfen da ba ya tsatsa, amma ka hana shi amfani da kwanon rufi, saboda sinadarin da aka lulluɓe shi da shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa idan ya ji wuta.