Bidiyo na sarƙewa a burauza: laftof zan canja ko data zan ƙara?

Tambayoyin wannan karon kusan duk a waje ɗaya suka haɗu, bidiyo ya ƙi tafiya a burauza, kuma kowa ya riga ya gama shawarar abin da zai saya kafin ma ya turo tambayar. Toh bari mu bi su.

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Laftof ɗina ya kusa shekara goma, in na kunna YouTube sai hoton ya dinga sarƙewa yana tsalle amma sauti na tafiya lafiya lau, fanka kuma ta dinga ihu kamar za ta tashi sama. Na tara 'yan kuɗi, sabo zan saya ko ram zan ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna. Yadda ka kwatanta ɗin nan, sauti na tafiya hoto na sarƙewa fanka na ihu, ba laifin netwok bane, bidiyon ya iso, kwamfutar ce ke fama wajen warware shi. Duk bidiyon da kake kallo a intanet matse shi akai kafin a turo maka, kuma hanyoyin matsewar kala-kala ne, ana ce musu kodek. Akwai tsohon nan H.264 da ya fito tun 2003 wanda kusan kowace na'ura ta iya shi, akwai VP9 na Google na 2013, sai AV1 da ya zo a 2018. Sababbin sun fi iya matse bidiyo, data kaɗan suke ci, amma warware su aiki ne mai nauyi, in cif ɗin hoto na kwamfutarka yana da sashen da aka gina musamman don wannan kodek ɗin shikenan ko a jikinta, in kuma babu sai aikin ya faɗa kan firoseso ya dinga yi da ƙarfin tsiya, nan ne zafi yake tashi fanka ta kama ihu hoto ya fara zubewa. A ɓangaren firoseso na Intel sai daga ƙarni na 7, wato zubi na bakwai da suka fitar, aka samu cikakken VP9, AV1 kuwa sai ƙarni na 11, a Mac kuma AV1 daga M3 ya fara. Kaga laftof mai shekara goma ai bai san AV1 ba sam.

Gwajin kyauta ne. Kunna bidiyon, ka danna maɓallin dama na linzami a kansa, ka zaɓi Stats for nerds. Duba layin Codecs, in ka ga avc1 to H.264 ne, vp09 shine VP9, av01 kuma AV1. Sannan duba inda aka rubuta dropped, wato adadin hotunan da suka zube, in lambar na ta hawa alhali Buffer Health na nuna daƙiƙoƙi da yawa a ajiye, magana ta ƙare, na'ura ce. Sauke ingancin zuwa 720p ka guji masu 60 a gefensu, don hoto sittin ne a daƙiƙa maimakon talatin, aiki ninki biyu kenan. In ya daidaita, akwai wani ɗan ekstenshon, wato ƙaramar manhaja da ake ƙarawa a burauza, mai suna h264ify da yake tilasta wa YouTube ya baka H.264, iyakarsa 1080p amma allon tsohon laftof dama da wuya ya wuce haka. Ka kuma shiga saitin Chrome ɓangaren System ka tabbatar graphics acceleration a kunne yake, ka rubuta chrome://gpu a wajen adireshi ka ga me aka rubuta a gaban Video Decode. Wani lokacin akasin haka ne ma, tsohon draiba na hoto, wato manhajar da ke sarrafa cif ɗin hoto, shi ke sa bidiyo ya koma kore ko baƙi, kashe saitin ne yake gyarawa, don haka gwada duka biyun. Kuma don Allah a buɗe laftof ɗin nan a kaɗe ƙura, shekara goma fa, na'ura in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone.

Ram kuwa ba shi ke warware bidiyo ba. Danna Ctrl da Shift da Esc lokacin da abin ke sarƙewa, Task Manager zai buɗe ya nuna maka yawan ram ɗin da ake ci, in ka ga ram ya cika maƙil, musamman in 4GB gareka kuma kana buɗe shafuka rututu, to ƙara shi zuwa 8GB zai taimaka, amma ka fara tabbatarwa ba mannanne bane a jikin bod don wasu basa ciruwa. In bai cika ba ka saya, asara kayi. In kuma duk da haka ranka na son sabo, ƙarnin firoseso za ka duba ba wai i5 ko i7 da aka manna a jiki ba, a harkar bidiyo i3 na ƙarni na 12 ya fi tsohon i7 na ƙarni na 4 nesa ba kusa ba, masu sayarwa kuma ba lallai su gaya maka wannan ba.

Tambaya: Ni kuma tawa matsalar da'irar nan ce mai juyawa, bidiyo ya yi minti ɗaya ya tsaya cak yana loda, sauti da hoto duka. Kamfanin intanet ɗina na tallar babban tsari mai data da yawa, in koma kai? Ni ce 'yar'uwarku mai kallon darussa da daddare.

Amsa: 'Yar'uwa naki kam netwok ne, amma a kula, yawan data daban gudu daban. In kika ƙara gigabait ɗari a kan layin da dama baya gudu, da'irar na nan tana jiranki. Kuma bidiyo baya buƙatar gudun da mutane ke zato, YouTube da kansu sun ce 2.5 Mbps, wato ma'aunin gudun intanet, ya isa 720p, 5 Mbps ya isa 1080p, 4K ne yake neman wajen 20. Shiga fast.com ki auna, sau ɗaya kina kusa da rauta sau ɗaya a ɗakin da kike kallo, sannan ki sake aunawa da safe ki kwatanta da na dare. In kusa da rauta yana da kyau a ɗaki ya faɗi, waifai ne ba kamfani ba, bango ne ke cinye shi, matso da rautar ko ki ja waya zuwa kwamfuta, waya ta fi komai tabbas. In rautarki na da waifai mai 5 GHz shi ya fi gudu in kina kusa, 2.4 GHz kuma ya fi ratsa bango amma cunkoso ya masa yawa. In kuwa da safe lafiya da dare ne yake mutuwa, tunda kince da daddare kike kallo ina zargin nan ne, to mutane ne suka yi yawa a kan layin a wannan lokacin, babban tsari a kamfani ɗaya da wuya ya canja komai, gara ki ari layin wani kamfanin ki gwada a ɗakin naki a daidai wannan lokacin kafin ki biya kowa. Ki kuma karanta ƙananan rubutun tsarin da kike kai, wasu in an ci wani adadi sai su rage gudun har ƙarshen wata, shi kaɗai ne yanayin da ƙarin data zai miki magani. Af, in akwai VPN a kunne kashe shi ki gani, sannan a duba ko wata na'ura a gidan na can tana sauke afdet a ɓoye.

Tunda darussa ne ma, 480p ya ishe ki jin malami da ganin allo yawanci, ki saita shi da hannu kar ki barshi a Auto yana hawa yana sauka.

Tambaya: Wani shafi ya ce min bidiyo ba zai buɗe ba sai na sauke Flash Player ko wata fileya tasu, har da ta kuɗi. In saya?

Amsa: A'a, rufe shafin. Adobe sun daina Flash tun 31 ga Disamba 2020, daga 12 ga Janairu 2021 ma suka toshe shi gaba ɗaya, burauzoji na yanzu da kansu suke kunna bidiyo ba sa neman taimakon kowa. Duk wanda ya ce ka sauke wani abu kafin ka kalla, ƙwayar cuta yake son dasa maka ko lambar katinka yake hari. In ka riga ka sauke, cire shi ka bincike kwamfutar da riga-kafinta, ka canja kalmomin sirrinka.

Tambaya: Malam na biya tsarin 4K na Netflix amma a Chrome hoton bai wani fita ba, kuma in na jona laftof da talabijin wani lokacin allo baƙi sauti kawai. Sabuwar wayar HDMI zan saya?

Amsa: Wataƙila, amma ba ita ce farko ba. Finafinan biya a kulle suke zuwa don kar a kwafa, Chrome da Firefox suna buɗe kullen da wani abu Widevine, kuma kamfanonin fim ba kowace burauza suke sakar wa mafi girman inganci ba. 4K na Netflix a kwamfuta an fi sanin shi da Edge a Windows da Safari a Mac, shima sai na'urar ta cika sharuɗɗa, kuma Edge na nan cikin Windows ɗinka kyauta, fara gwada shi. Baƙin allon kuma yawanci HDCP ne, wata yarjejeniya ce tsakanin laftof da talabijin, 4K na buƙatar HDCP 2.2 tun daga laftof har talabijin, in akwai adafta mai arha ko abin raba HDMI a tsakani shi ya fi kawo cikas, cire shi ka jona kai tsaye, ka gwada wani ramin HDMI ɗin don a wasu talabijin ba duka ramukan ke da 2.2 ba. Ra'ayina dai, in a allon laftof kake kallo kullum kuma allon 1080p ne, kuɗin 4K ɗin nan a banza kake zubarwa, sai dai in don yawan masu kallo lokaci guda ka ɗauke shi. Ga data, Netflix sun ce HD na iya cin 3GB a awa, 4K har 7GB.

Tambaya: Wace burauza ce ta fi kyau da bidiyo? Na cire Chrome na sa Opera, na cire na sa Brave, duk abu ɗaya.

Amsa: Ai dole, Chrome da Edge da Opera da Brave duk injinsu ɗaya ne, Chromium, riga kawai ka canja. In gwaji na gaskiya kake so Firefox za ka sa don nata injin daban ne, in bidiyon kulle ne ka tabbatar saitin DRM nata, wato na buɗe kullen, a kunne yake. Amma kafin nan danna Ctrl da Shift da N ka buɗe shafin a inkognito, a can ekstenshon basa aiki sai wanda ka bawa izini da kanka, in bidiyo ya tafi to ɗaya daga cikinsu ne, ka dinga kashe su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai toshe talla don tun 2023 YouTube ke faɗa dasu. In ba su bane goge kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza, na wannan shafin kaɗai, ba sai ka share komai ka rasa duk inda ka shiga ba. Duba agogon kwamfutar ma, kwanan wata in ya karkace shafuka da yawa basa yarda su buɗu, in kullum yana komawa baya ƙaramin batirin nan ne na cikin bod ya mutu. Baka faɗi Windows ɗinka ba, in 7 ne ko 8.1 to Chrome ya tsaya a 109 tun farkon 2023 baya ƙara sabuntuwa, Firefox kuma a 115 ya tsaya, shafuka za su ci gaba da ƙin ka ɗaya bayan ɗaya, a nan kam canja burauza ba zai fisshe ka ba, Windows ɗin za ka ɗaga ko ka sa Linux in na'urar ba za ta ɗauki sabo ba.