Ma'anar sunan Thatcher

Malam, ka tambaya ko Thatcher sunan sarauta ne. A'a, sunan sana'a ne: mai baibayar ɗaki, wanda ke hawa jinka yana shimfiɗa ciyawa ko kara yana ɗaurewa. Tun wajen ƙarni na 13 da 14 mutanen Ingila suka fara gadon irin waɗannan sunaye, ko jika bai taɓa riƙe shuci ba, sunan na nan.

Margaret Thatcher, Firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990, ta samo shi ne ta aure a 1951. Sunan gidansu Roberts, mahaifinta mai kantin kayan masarufi ne a Grantham. Abin da ke burge ni, har yau akwai masu baibaya a ƙauyukan Ingila, kuma aikinsu da tsada.