Ga ƙanena mai son baje zanensa a Yamai

Ka ce zane ya taru maka a ɗaki, ba ka san inda za ka baje shi ba, kuɗin haya kuma babu. Na taɓa shiga wannan halin.

Fara zagayawa. Je gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ka zauna da masu aiki, ka sha shayi da su. Ta bakinsu za ka ji wane ɗakin baje zane ke karɓar sabon hannu. Leƙa cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda ma.

Kada ka kwashi komai. Zaɓi guda goma masu kyau. Nawa na farko na jera su a bangon da rana ke duka, ga ƙurar hunturu, kafin sati biyu launin ya dushe. Har yau abin na yi mini ciwo. Nemi inuwa, ka rufe su da ƙyalle da dare.

Batun kuɗi kuwa, ƙanena, kason mai ɗaki a rubuta shi a takarda kafin ka rataya ko ɗaya, har da wanda zai biya in aiki ya lalace. Kan haƙƙin mallaka, je ofishin BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, su yi maka bayani.