Filin Tambayoyinku: Darasin Lissafi a Waya

Tambaya: Malam, ɗana yana ajin première D (ajin kusa da na ƙarshe, ɓangaren kimiyya) a wani lise, wato babbar sakandare, a Garwa, Kamaru, bana zai rubuta Probatoire, jarrabawar ƙasa ta ƙarshen wannan aji. Kullum yana kan YouTube yana kallon darasin lissafi, ya ce ya gane, amma a jarrabawar aji ba ya wuce 7 cikin 20. Ina gizo ke saƙa? — Wata uwa, Garwa

Amsa: Hajiya, gani ba ci ba ne. Malamin bidiyo ba ya tuntuɓe, shi ya sa yaro ke jin kamar shi ma ya iya. Ki duba ko akwai littafi da biro a gabansa lokacin kallon. In babu, nan matsalar take.

Ga yadda zai yi. Da malamin ya rubuta tambaya a allo, ya tsayar da bidiyon, ya warware ta da kansa, sannan ya saki ya kwatanta layi da layi. Inda suka rabu ya ja masa jan biro. Washegari ya sake yin tambayar ba tare da waya ba. Bidiyon minti 10 da atisaye na minti 30 ya fi awa biyu na kallo zalla.

Kurakuran da muke gani a takardun yara ba su da yawa, maimaituwa suke yi. Ɗauki x² − 5x + 6 = 0. Ana neman Δ = b² − 4ac, lambar da ke nuna ko akwai amsa; a nan a 1 ne, c 6 ne, b kuwa −5 ne. Yaro sai ya danna −5² a kalkuleta babu baka, ta ba shi −25, Δ ya fito −49, ya rubuta cewa babu amsa. Daidai shi ne (−5)² = 25, Δ = 1, amsoshin 2 da 3. Haka wanda ke rubuta (a + b)² = a² + b², ya jefar da 2ab; ya gwada da 3 da 4, zai ga 49 ba 25 ba ce. Sai kalkuletar da aka bari tana auna kusurwa da radiyan maimakon digiri: sin 30 ya kamata ya ba da 0,5, sai ta nuna −0,988. Malamin bidiyo ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka a riƙa kai wa malamin aji littafin atisayen ya duba.

Tambaya: Wane darasi ya dace da mu, na Faransa ko na Najeriya da ake yi da Hausa? — Ɗalibin terminale C (ajin ƙarshe na lise), Marwa

Amsa: Ɗana, fara da darussan da ma'aikatar ilimin sakandare ta Kamaru, MINESEC, ta sa a intanet tun zamanin korona a 2020, domin su ne ke bin manhajarmu. Na Faransa, irin tashar Yvan Monka ko Khan Academy ta Faransanci, suna da kyau wajen bayani, sai dai jerin babinsu ba namu ba ne; nemi darasi da sunan babin, ba da sunan aji ba. Kuma ba za su shirya ka wa sashen jarrabawa da ake kira évaluation des compétences ba, inda ake ba da labarin gona ko rijiya a ce ka fitar da lissafin da kanka. Wannan sai tsofaffin takardun Office du Baccalauréat, hukumar da ke shirya jarrabawar.

Na Hausa yana zaunar da abu a kai, amma don WAEC aka yi shi, da alamomin Ingilishi. Su 2.5 suke rubutawa, mu 2,5. Tazarar lambobin da ke tsakanin 1 da 4 da suke rubutawa (1, 4) mu ]1, 4[ ne, HCF ɗinsu kuma, wato babbar lambar da ke raba lambobi biyu ba saura, PGCD ne a wurinmu. Ka fahimta da Hausa, ka rubuta yadda mai gyaran takarda ya sani.

Tambaya: Kuɗin data na ƙarewa da wuri. Mafita? — Wani uba, Kusiri

Amsa: Alhaji, a sa ingancin hoton bidiyon a 360p, ya isa a karanta allo. Kada a sauko zuwa 144p don tsimi, a nan alamar ragewa ke ɓacewa, x² ya koma kamar x³. A kashe abin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. Yaro ɗaya ya sauke darasin da garaɓasar dare ta MTN ko Orange, ya tura wa abokansa ta Xender, manhajar tura fayil daga waya zuwa waya, wannan ba ya cin ko dala.