Tambaya da Amsa: Yaushe Pac-Man ya fito?

Tambaya: Don Allah wace shekara aka fitar da Pac-Man, kuma me ya sa wasu tsofaffin hotuna ke ɗauke da "Puck Man"? — Mai karatu daga Damagaram

Amsa: Pac-Man wasan bidiyo ne. Kamfanin Namco ya fara gwada shi a unguwar Shibuya ta Tokyo ranar 22 ga Mayu, 1980. Toru Iwatani ne ya tsara shi, kuma Puck Man ne sunan wasan na yanka. Da kamfanin Midway ya kai shi Amurka a wannan shekarar, sai aka sauya sunan, gudun kada 'yan ɓarna su kankare harafin P ya koma F, kalmar ta zama ashar.

Wanda aka fitar a 1982 don Atari 2600, wata na'urar wasan bidiyo ta gida, kuwa bai yi armashi ba. Cikin 'yar ƙaramar ma'adana mai kilobait 4 aka matse shi, kuma cikin fatalwowin da ke bin Pac-Man a wasan, ɗaya kawai ake zanawa a lokaci guda, shi ya sa suke ta ɓacewa suna dawowa.