Saƙonninmu na ɓacewa tun da muka haɗa imel da manhajar CRM

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Muna da kamfanin sayar da kayan sola, mu biyar ne. Watan jiya muka sa manhajar CRM don mu riƙa ganin cinikin kowane kwastoma a wuri ɗaya. Tun da yaron da ya saita mana ya haɗa ta da imel ɗin kamfani, wanda ke kan Google, saƙonni suke ɓacewa daga akwatin da nake dubawa a waya. Takardar farashin da muke aikawa daga cikin manhajar kuma tana faɗawa Spam. Yaron ya ce sai an canja MX. Mu canja?

Daga mai karatu a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Don Allah kada ku taɓa MX. Shi ne rubutun da ke gaya wa duniya gidan da za a kai duk wasiƙar da ke ɗauke da sunan kamfaninku bayan alamar @. Ana canja shi ne idan za a tashi daga gida gaba ɗaya, misali daga Google zuwa Zoho Mail. Ku ba tashi za ku yi ba, baƙo kuka yi da ke son ya riƙa karanta wasiƙun. In aka yi kuskure a MX, sai wasiƙa ta daina zuwa ɗungurungum, gyaran kuma yana iya ɗaukar har awa 48 kafin ya game ko'ina.

Zancen ɓacewar saƙo, na fi zargin an haɗa manhajar ta hanyar POP. Shi POP kwasowa yake yi, kuma a saitin Gmail akwai zaɓin abin da za a yi da kwafin da ya rage: a bar shi, a adana shi gefe, ko a goge. In an zaɓi gogewa, to ga amsarku nan. Yau ɗin nan, kafin komai, ku buɗe kwandon shara na akwatin ku dawo da abin da ke ciki, domin Gmail na share shi ne bayan kwana 30, ku kuwa kun ce watan jiya aka fara. Sannan a cire POP a koma IMAP, saba imap.gmail.com, ƙofa 993. Da IMAP saƙon yana zaune a inda yake, waya ta gani, manhaja ta gani. Idan manhajar tana da maɓallin shiga kai tsaye da asusun Google, ku bi ta nan, ya fi aminci. Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga irin waɗannan manhajoji, Microsoft ma ya fara rufe wannan hanya tun Oktoban 2022. In babu maɓallin, sai a kunna tantancewa mai mataki biyu a ciro kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16.

Faɗawa Spam kuwa matsalar shaida ce. Manhajar na aika takardar daga nata sabar amma da sunanku, shi kuma akwatin kwastoma yana tambaya: wa ya ba wannan izini? Tun Fabrairun 2024 Gmail ke neman kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, wato rubutun da ke shaida cewa da izinin mai sunan aka aiko saƙon, masu aika saƙo 5,000 a rana kuwa sai sun haɗa duka biyun da DMARC, ƙa'idar da ke faɗin abin da za a yi da saƙon da ya kasa wannan shaida. Ku da ba ku kai nan ba, hanya mafi sauƙi ita ce manhajar ta riƙa aikawa ta akwatinku, smtp.gmail.com, ƙofa 587. In kun fi son ta aika da kanta, za ta ba ku layukan SPF da DKIM ku kai inda kuka sayi sunan nan da ke bayan alamar @. A nan ne yara ke yawan tuntuɓe: sai su ƙirƙiri SPF na biyu kusa da na Google. SPF ɗaya tak ake yarda da shi, sabon suna cikin tsohon layin ake cusa shi. In sun zama biyu, duka sun lalace.

Akwai abin da ba ku tambaya ba amma shi ya fi damuna. Wane akwati aka haɗa? Na taɓa yi wa wani kamfanin kayan gini aiki, inda kowane ma'aikaci ke ciniki da imel ɗinsa na kansa. Ran da babban mai tallarsu ya ajiye aiki, ya tafi da hirar shekara uku a aljihunsa. Ina zaune maigidan ya buɗe shafin wani babban kwastoma a manhajar, ba komai sai suna da lambar waya, ya yi shiru yana murza carbi. Ku buɗe adireshi na kamfani, ɗaya na ciniki ɗaya na ƙorafi, su za a haɗa, manhajar ta raba wa ma'aikata. Akwatinku na maigida kuma, inda banki da lauya ke rubuto muku, kada a zuba shi duka a ciki. Yawancin manhajojin nan, irin su HubSpot da Zoho, suna ba da adireshin BCC, wato wanda ake tura wa kwafin saƙo a ɓoye, sai ku sa shi a saƙon da kuke so ya shiga kawai.

A kula da amsa ta atomatik. In an kunna ta a akwati kuma an kunna a manhaja, suna iya kama amsa wa juna har akwatin ya cika. Wuri ɗaya ya isa.

In an gama, Alhaji, ku gwada da hannunku. Ku aika takardar farashi daga manhajar zuwa wani Gmail naku, ku buɗe ta a kwamfuta, ku danna ɗigo ukun nan na gefe ku zaɓi Show original. Ku ga PASS a gaban SPF da DKIM. Sai ku amsa daga can, ku duba ko amsar ta bayyana a ƙarƙashin sunan kwastoman kuma tana nan a wayarku. Sai duka ukun sun tabbata sannan ku sallami yaron.