Amsa ga 'yar uwarmu mai firgita da ƙarar jirgi

Wa alaikis salam 'yar uwa. Kin ce tun da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a filin jirgin Yamai a Disamba 2022, duk jirgin da ya gifta ta saman gidanku sai jikinki ya hau ɓari, kina tambaya ko aljanu ne, ko kuwa ki bar unguwar. Ba aljanu ba ne. Tsoro ne ya zauna miki a jiki, kuma na san shi sarai.

Ina aure a Kano, unguwar Gwammaja, jirgin fasinja ya faɗo mana ran Asabar 4 ga Mayu 2002, tashinsa ke nan zai tafi Legas. Ina wanke-wanke da goyo a bayana, sai na ga inuwa ta rufe tsakar gida, katangar maƙwabta ta zubo. Na fita ba takalmi na taka kwanon rufi mai zafi, tabon yana nan har gobe. Warin kananzir kuwa, na daɗe ko fitila aka kunna sai amai.

Amma wallahi wutar ba ta ci mini rai kamar ƙanin maigidana ba. Ina kwance ƙafa a naɗe, ya leƙo ya ce, "Ke da kika tsira, kukan me kike yi?" Kuɗin da 'yan uwana suka haɗo daga Tawa don maganina, shi ya karɓa ya ce zai ajiye, ko dala ban gani ba. Ya kuma bi dangi yana cewa na taɓu. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Tashi ba ya magani. Na dawo Nijar, tsoron ya biyo ni. Ki riƙe addu'a, ki kuma je babban asibitin Yamai ki ga likitan ƙwaƙwalwa, kar kunya ta hana ki. Ki sami wadda za ki riƙa faɗa wa, ko da maimaici ne. Kuma don girman Allah ki ja wa yara kunne, in abu ya faɗi kar su ruga kallo. Jirgin soja yana iya ɗauke da harsashi, man ma kaɗai ya isa. Ku tuna tankar mai da ta fashe kusa da filin jirgin Yamai a Mayu 2019, mutum fiye da 50 suka tafi. A gudu ta inda iska ke fitowa, a kira 'yan kwana-kwana a 18. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata, ban da manja ko man goge baki.

Yaranki fa, suna barci kuwa? In ƙaramin ya koma fitsarin kwance kar a doke shi, nawa ma haka ya yi.